Kyauta ko Mayar da Haƙƙi? Tarken Fim ɗin Casablanca a Ma'aunin Fiƙihun Aure da Cika Alƙawari

Akwai wata mas'ala a babin idda da ɗalibai kan wuce da sauri, bisa zaton ba ta cika aukuwa ba. Mace ce aka kawo wa labarin rasuwar mijinta a wata ƙasa mai nisa, ta yi kuka, ta yi takaba, ta fita, zuciyarta ta karkata ga wani, sai ga wanda aka yi wa zaman makoki ya yi sallama a bakin ƙofa. Malaman Malikiyya sun ware mata suna da hukunci na daban. Abin mamaki shi ne a kan wannan mas'ala aka gina ɗaya daga cikin finafinan da Turawan Yamma suka fi ji da su, wato Casablanca, wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar a 1942, ko da yake babu alamar waɗanda suka tsara shi sun taɓa jin sunan Mukhtasar. Fim ne mai cike da giya da caca da kiɗa, kuma hukuncin kallon irinsa magana ce da malamai suka daɗe da yi a wurarenta. Abin da ke gaban wannan nazari shi ne fahimtar da fim ɗin ya shuka a zukatan mutane tsawon shekara tamanin game da so da 'yanci da alƙawari, domin fahimta ce da ta yi tafiya mai nisa, har ta shiga labaran da ba su san daga inda suka gaje ta ba.

Labarin da zamaninsa

Michael Curtiz ne ya ba da umarni, Julius da Philip Epstein tare da Howard Koch suka rubuta shi daga wani wasan kwaikwayo na Murray Burnett da Joan Alison da ba a kai ga nunawa a dandamali ba. An fara haska shi a New York ranar 26 ga Nuwamba, 1942, kwana goma sha takwas bayan saukar sojojin ƙawance a Arewacin Afirka, aka sake shi ga gidajen silima a Janairun 1943 daidai lokacin da Roosevelt da Churchill ke taro a birnin da fim ɗin ya ari sunansa. Ya ci kyautar Oscar guda uku.

Labarin yana faruwa ne a watan Disamban 1941. Jamus ta ci Faransa, gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus ce ke riƙe da Maroko, Kasabalanka kuwa ta zama zangon 'yan gudun hijirar Turai masu neman takardar fita zuwa Lizbon, daga can su haye Amurka. Rick Blaine (Humphrey Bogart), Ba'amurke mai gidan shaƙatawa, mutum ne da ya taɓa kai wa Habasha makamai a 1935, ya kuma yi yaƙi a Sifen a 1936, amma yanzu ya naɗe hannu, yana shelar cewa ba zai sa kansa a haɗari saboda kowa ba. Wasu takardun izinin wucewa guda biyu suka faɗo hannunsa, waɗanda aka ƙwace daga manzannin Jamus da aka kashe. A daren ne Victor Laszlo (Paul Henreid), jagoran masu fafutukar adawa da Nazi daga ƙasar Cek, ya shigo tare da Ilsa Lund (Ingrid Bergman), matar da Rick ya so a Paris, wadda ta bar shi tsaye a tashar jirgin ƙasa cikin ruwan sama da 'yar wasiƙa a hannu ranar da ake gudun Jamusawa. Daga baya gaskiya ta fito. Ilsa matar Laszlo ce tun kafin ta san Rick. An kama mijin, an kai shi sansanin gwale-gwale, aka ba ta labarin an harbe shi yana ƙoƙarin tserewa. Ana gab da barin Paris ta ji cewa yana raye, ba shi da lafiya, an ɓoye shi a wani taragon kaya a bayan gari. Takardu biyu ne, mutum uku ke bukata. A ƙarshe Rick ya sa Ilsa da mijinta a jirgi, ya harbe Manjo Strasser na Jamus, ya bi hazo tare da Kyaftin Renault.

Igiyar da ba ta tsinke ba

Ba za a gurfanar da Ilsa da Laszlo gaban alƙali ba, domin ba Musulmi ba ne, kuma ba mutane ba ne na haƙiƙa. Amma fiƙihu ma'auni ne na haƙƙoƙi, ana kuma iya ɗora labari a kansa a ga inda ya rinjaya.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin Sayyidina Umar (Allah Ya yarda da shi) cewa matar da mijinta ya ɓace ba ta san inda yake ba za ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda wata huɗu da kwana goma, sai aure ya halatta gare ta. Abu Hanifa da Shafi'i a sabon ra'ayinsa sun tsananta fiye da haka, suka ce sai an tabbatar da mutuwa ko an kai shekarun da tsararrakinsa ba su wuce su. Malikiyya sun karkasa mafƙudi gida huɗu gwargwadon inda ya ɓace, kamar yadda Ibn Rushd ya jero a Bidayatul Mujtahid, suka kuma bambanta shi da fursunan yaƙi, wanda matarsa ba a yanka mata shekara huɗu, sai dai in ta kai ƙarar rashin ciyarwa ko cutuwa. A mashahurin zance na mazhaba, matar mafƙudin da ta cika wa'adi ta yi aure, mijin na biyu kuma ya tare da ita, ta kuɓuce wa na farko ko da ya dawo.

Ilsa ba ta cikin wannan aji. Ita ce wadda aka sanar da ita mutuwar miji, kuma a kanta Khalil ya bayyana cewa tarewar miji na biyu ba ta fitar da ita daga hannun na farko. Masu sharhi sun ƙara da cewa ko ta haihu da na biyun, za a mayar da ita bayan ta yi idda daga gare shi, 'ya'yan su bi ubansu, babu haddi a kan kowa. Dalilin bambancin shi ne matar mafƙudi ta fita ne da hukuncin alƙali bayan bincike da wa'adi, ita kuwa wannan ta dogara da labari, labarin kuma ya tashi ƙarya. To, idan wadda aka ɗaura wa aure na biyu da shaidu da sadaki ke nan, ina ga wadda ba a ɗaura mata komai ba? Tsakanin Rick da Ilsa babu abin da ya wuce zaman Paris da maganar aure da ya yi cikin raha, a ranar da ita ta riga ta san ba zai yiwu ba.

A nan ne tarken fim ɗin ya kamata ya fara. Shekara da shekaru ana yabon fitowa ta ƙarshe a matsayin ƙololuwar sadaukarwa, cewa Rick ya bayar da abin da ya fi so a duniya. Amma ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba. Abin da Rick ya mallaka, ko ya riƙe, shi ne takardu, kuma su ya bayar da gaske, tare da gidan kasuwancinsa da kwanciyar hankalinsa. Matar kuwa da ma tana da miji. Fim ɗin ya haɗa abubuwan biyu a dunƙule guda, ya kunna musu kiɗa mai taushi, har mai kallo ya tashi yana jin Laszlo ne aka yi wa alfarma da matarsa. Wanda ya mayar da amana ya cancanci yabo, musamman idan ransa na ciki, sai dai yabon mai mayar da amana daban, na mai kyauta daban.

Akwai wani abu da labarin ya tabbatar ba tare da ya nufa ba. Auren Laszlo da Ilsa a ɓoye aka yi shi, ko abokansu na kusa ba su sani ba, saboda miji yana tsoron 'yan sandan ciki na Jamus su kama ta. Uzuri ne mai ƙarfi. Duk da haka, daga wannan ɓoyewa dukan masifar ta tsiro, aka kuma ƙara mata taki da yarjejeniyar da masoyan suka yi a Paris cewa babu mai tambayar wani abin da ya wuce. Ɗalibin da ke mamakin tsananin Malikiyya a kan auren sirri, har suka ce a raba auren da aka umarci shaidunsa su ɓoye, zai ga a nan irin ɓarnar da ake gudu. Da Rick ya san bazawara ce mai takabar mijin da ba a ga gawarsa ba, da ya san a kan me yake gini.

Dalilin Rick

Adalci ne a faɗi abin da fim ɗin ya yi daidai, kuma ba kaɗan ba ne. Bai raina so ba, bai kuma mai da shi abin wasa ba. Bogart ya nuna mutumin da ciwon zuciya ya mayar mai ɗaci, wanda ya lulluɓe rauninsa da gatse, har a daren farko da Ilsa ta dawo don ta yi masa bayani ya tarbe ta a buge da maganar da ta kore ta. Malaman Musulunci ma ba su raina wannan ciwo ba. Ibn Hazm ya rubuta Ɗauƙul Hamama a Shaɗiba bayan fitinar da ta wargaza Ƙurɗuba ta rushe gidajen danginsa, wato shi ma littafin so ne da aka rubuta a gudun hijira. Matsayinsa shi ne so a kan kansa ba abin zargi ba ne, tunda zukata ba a hannun masu su suke ba, abin da ake tuhuma shi ne aikin da ya biyo baya. Ya kasa cika alƙawari hawa uku: cika wa wanda ya cika maka, cika wa wanda ya yaudare ka, da cikawa bayan an yanke ƙauna ko mutuwa ta raba. Tafiyar Rick a cikin mintuna 102 na fim ɗin ita ce hawa daga ƙasa zuwa mataki na biyu, domin a farko yana ganin an ci amanarsa, ya kuma ƙi ba da takardun don ramuwa, har ya ce wa Laszlo ya je ya tambayi matarsa dalili. Wannan ita ce magana mafi muni da ya yi, fim ɗin kuma bai wanke shi daga gare ta ba.

Matsalar tana cikin hujjar da ya kafa a filin jirgi. Ya gaya wa Ilsa cewa in ta zauna su biyun za su ƙare a sansani, cewa za ta yi nadama ko ba yau ba, cewa ita ce ƙarfin da ke riƙe da Laszlo a aikinsa, kuma damuwar mutum uku ba ta kai komai ba a duniyar da ta haukace. Duk cikin wannan babu inda ya ce: mijinki ne. An ceci auren ne saboda mijin yana da amfani ga yaƙi. Sai a tambaya, da Laszlo tela ne ko mai gyaran agogo, wanda fitarsa ko zamansa ba zai rage wa Hitler barci ba, me zai hana Rick hawa jirgin? Bisa hujjar da ya bayar, babu. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 21, ya siffanta ɗaurin aure da irin siffar ƙarfi da ya ba alƙawarin da aka riƙa daga Annabawa a Suratul Ahzab, Suratul Ma'ida kuma ta buɗe da umarnin cika ƙulle-ƙulle. Babu sharaɗin cewa sai miji ya zama gwarzo. A Casablanca alƙawarin aure ba ya tsayawa da ƙafarsa, jingine yake da wata maslaha ta siyasa, ranar da maslahar ta kau kuma ba a san abin da zai riƙe shi ba.

Haka ma komawar Rick fagen gwagwarmaya. Hadisin niyya da Bukhari ya buɗe littafinsa da shi ya kawo misalin wanda ya yi hijira don abin duniya ko don macen da zai aura, ya ce hijirarsa tana ga abin da ya nufa. Fim ne na hijira tun daga taswirar da aka buɗe shi da ita, saboda haka misalin ya zauna. Rick ya bar fafutuka ne saboda mace ta bar shi, ya koma ne bayan ya ji daga bakinta cewa ba ta daina sonsa ba. Ana iya cewa rauninsa ne ya warke, mutumin kirkin da ke ciki ya farka, kuma akwai shaidar haka a yadda ya gyaɗa kai ga makaɗa su bi umarnin Laszlo tun kafin su sasanta da Ilsa. Amma aƙidar da ke mutuwa da rabuwa ta kuma tashi da sulhu, mai nazari yana da damar ya tambayi tushenta.

Laszlo ne ya fi kowa nauyi a ma'auni, shi ne kuma fim ɗin ya fi zalunta. Ya gane abin da ke tsakanin matarsa da Rick tun daren farko. Bai tona ba, bai tsare ta da tambaya ba. Ya tambaye ta ko ta yi kaɗaici a Paris, ya buɗe mata ƙofar magana, da ta ƙi shiga ya rufe a hankali. Daga baya ya roƙi Rick ya ɗauki takardun ya fita da ita, shi ya zauna, in dai za ta tsira. Wanda ya yi niyyar bayar da abin da yake nasa a cikin labarin nan, shi ne. Amma an ba shi farar kwat da tsayuwa ƙiƙam da jawabai, aka ba Rick hayaƙin taba da zafin baki da duk maganganun da ake tunawa. Masu shirya fim a ko'ina suna da wannan cuta ta mayar da mutumin kirki lami, mai rauni kuma abin sha'awa.

Ilsa kuwa sau biyu ta yanke hukunci da kanta, a Paris da ta koma ga mijinta mara lafiya, da kuma daren da ta zo da bindiga neman takardu. Na farkon shi ne aikin cika alƙawari mafi tsada a fim ɗin, kuma ba a nuna shi ba, a bakinta kawai aka ji. Bayan haka marubuta suka sa ta miƙa wa Rick tunaninta, ta ce ya yanke musu duka. Daga nan har jirgi ya tashi maza biyu ne ke shawarar inda za a kai ta. Mukallafa ce mai hankali, nauyin igiyar da ke kanta nata ne, kuma cire mata shi ba girmamawa ba ne.

Daren da aka rufe da ƙofar Annina

Dokar tace finafinai ta Amurka, wadda wani limamin Katolika, Daniel Lord, da Martin Quigley suka tsara a 1930, aka kuma tsananta aiki da ita daga 1934 a ƙarƙashin Joseph Breen, ba ta yarda a nuna zina a matsayin abin sha'awa ba. Ofishin Breen ya sa an rage abubuwan da ke nuna Rick da Ilsa sun kwana tare, kuma a ƙarƙashin wannan doka da wuya a bar matar aure ta bi wani ta bar mijinta. Saboda haka a daren bindiga, bayan ta faɗa jikinsa, sai hoto ya koma kan fitilar hasumiyar filin jirgi, ya dawo ya sami Rick a bakin taga. An bar wa kowa ya cike gurbin da abin da ransa ya so. Mai tsoron Allah ya ce hira suka yi, wani ya ce ba haka ba, kamfani ya karɓi kuɗin duka biyun. Darasi ne ga duk mai zaton hukumar tacewa za ta iya gyara labari: almakashi yana yanke hoto, ba ya dasa dalili. Ƙarshen fim ɗin ya dace da ɗa'a, amma tunda doka ce ta tilasta shi daga waje, sai marubuta suka nemo masa hujja daga yaƙi.

Abin da Rick ya gaya wa Laszlo a filin jirgi ya fi wannan daɗin nazari. Ya ce Ilsa ta zo wurinsa ne saboda takardu, ta yi ƙoƙarin nuna masa har yanzu tana sonsa, shi kuma ya bar ta ta yi, alhali abin ya wuce tuntuni. Ba gaskiya ba ne, kuma fuskar Laszlo ta nuna ya sani. Hadisin Ummu Kulsum bint Uƙba da ke cikin Bukhari da Muslim ya cire sunan maƙaryaci daga mai faɗin alheri don gyara tsakanin mutane. Rick ya suturta matar, ya ba mijin abin da zai riƙe, mijin kuma ya karɓa don ya suturta su duka. Minti ɗaya ne, ya kuma fi dogon jawabin da ya gabace shi.

Fitowar da ta fi kowace kusa da fiƙihu ita ce ta Annina, amarya 'yar Bulgeriya da mijinta Jan ke zubar da ɗan guzurinsu a teburin caca. Kyaftin Renault, shugaban 'yan sanda, yana sayar da biza da kuɗi, ga mata kyawawa kuma da abin da ya fi kuɗi. Annina ta zo ta tambayi Rick ko mace ta aikata mummunan abu sau ɗaya don ta tserar da mijinta, ta binne shi a ranta, za a yafe mata. Tambayar lalura ce da tilasci, wadda malamai suka tattauna tun ƙissar matar da ƙishirwa ta kai ga makiyayi a zamanin Sayyidina Umar aka ɗauke mata haddi. Rick bai ba ta fatawa ba. Ya je ya raɗa wa Jan ya sa kuɗinsa a lamba 22, sau biyu, ya sa aka bar shi ya ci. Hanyar haramtacciya ce, amma fahimtar daidai take, cewa wanda lalura ta matse an fi taimakonsa da kawar da lalurar. Abin takaici shi ne yadda aka ɗauki Renault. Claude Rains ya buga shi da barkwanci mai daɗi har mai kallo ya manta cewa azzalumi ne mai cin mutuncin matan da ba su da mafita. A ƙarshe ya jefa kwalbar ruwan Vichy a kwandon shara, shi ke nan ya zama ɗan kishin ƙasa. Tuba a wurin malamai tana da sharaɗin mayar da haƙƙin waɗanda aka zalunta. A nan sauya tuta ta wadatar.

Mas'alar Ilsa ba ta tsaya a littafi ko a majigi ba. Tun daga 2009 rikicin Arewa maso Gabashin Nijeriya da gaɓar Tafkin Chadi ya bar dubban iyalai ba su san ko nasu na raye ko ya mutu ba, ga kuma waɗanda hamada da teku suka haɗiye a hanyar ci-rani. Akwai matan da aka ce musu ya mutu, akwai waɗanda ba a ce musu komai ba, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba ne. Alƙalin da irin wannan ƙara ta zo gabansa ba shi da hazo da jirgin da zai raba gardama.

'Yancin wa?

Fitowar da ta fi motsa rai ita ce wadda hafsoshin Jamus suka kama waƙarsu a gidan Rick, Laszlo ya sa makaɗa su ɗauki taken Faransa, jama'a suka miƙe suka danne muryar Jamusawa. Tana aiki har yau, kuma akwai dalili. Da yawa daga 'yan wasan 'yan gudun hijira ne na gaske. Madeleine Lebeau da ke hawaye a wurin ta gudo daga Faransa ta Lizbon a 1940, Conrad Veidt da ya fito a Manjo Strasser ya bar Jamus a 1933 tare da matarsa Bayahudiya. Zaluncin Nazi zalunci ne, ƙin sa wajibi ne, babu mai jayayya.

Sai dai a ƙasar wa ake rera taken? Strasser da kansa ya yi magana a kan wanda ke da iko da wurin, Laszlo da Renault suna kiransa ƙasar Faransa, babu wanda ya tuna cewa Darul Baida gari ne na Musulmi da jiragen ruwan Faransa suka yi wa ruwan wuta a Agustan 1907, kafin yarjejeniyar Fas ta 30 ga Maris, 1912 ta sa Maroko ƙarƙashin abin da aka kira kariya. A ɗakunan ɗaukar hoto na Burbank a Kalifoniya aka gina garin. An fara da hasumiya, kyamara ta gangaro kasuwa, daga nan mutanen gari suka zama kayan ado. Akwai Abdul mai tsaron ƙofar caca. Akwai mai sayar da leshi da ya sauko daga faran 700 zuwa 200 zuwa 100 da ya ji Ilsa ta san Rick. Wanda ya fi kowa yin shigar 'yan gari, da jar dara da sallama irin tasu, shi ne Ferrari, Bature shugaban kasuwar bayan fage. Rick ya ce ba ya saye ko sayar da mutane lokacin da Ferrari ya nemi ya sayi Sam, baƙar fatan da ke kaɗa masa fiyano, magana ce mai kyau, amma Sam ɗin ba shi da wani buri nasa a labarin, kuma a ƙarshe da gidan aka haɗa shi aka miƙa, da sharaɗin kason riba.

Alhali garin yana da nasa labarin 'yanci a daidai wannan lokaci. A 1930, da Faransa ta fitar da dokar da ke neman raba ƙabilun Barbar da kotunan shari'a, a masallatai aka tayar da adawa, ana karanta Ya Laɗif bayan salla. Ranar 22 ga Janairu, 1943, kwana ɗaya kafin a saki fim ɗin ga jama'a, Sarki Muhammadu na Biyar ya ci abincin dare da Roosevelt a unguwar Anfa. Ranar 11 ga Janairu, 1944 'yan kishin ƙasa suka miƙa takardar neman 'yancin kai, ba a samu ba sai 1956, bayan an kori sarkin daga gadonsa a 1953. Rabuwar Vichy da Faransa Mai 'Yanci kuwa ta ratsa ƙasashen da Hausawa ke zaune: Chadi a ƙarƙashin Félix Éboué ta bi de Gaulle a Agustan 1940, Nijar ta zauna a hannun Vichy har ƙarshen 1942, a ɓangarorin biyu kuma talaka yana aikin tilas, wanda ba a soke shi a doka ba sai 1946.

Fim ɗin ya rufe da Renault yana ba Rick shawarar su nufi sansanin Faransa Mai 'Yanci a Brazzaville, sunan da aka ambata kamar ƙofar tsira. Brazzaville ita ce hedikwatar yankin Afirka ta Tsakiya na Faransa, kuma a wannan yanki ne Allal al-Fasi, malamin Ƙarawiyyin wanda daga baya ya rubuta littafi a kan manufofin shari'a, yake tsare tun da aka kore shi zuwa Gabon a 1937 saboda neman haƙƙin Maroko. Mulkin yankin ya koma hannun mutanen de Gaulle a 1940, ba a sake shi ba sai 1946. A garin ne kuma aka yi taron farkon 1944 da ya yi alƙawarin gyare-gyare ga ƙasashen da Faransa ke mulka, ya kuma rubuta a fili cewa batun mulkin kai, ko da nan gaba mai nisa, ba ya cikin lissafi.